Gwanjo a Ƙarƙashin Dutse

A cikin dutsen nan, hawa uku ƙasa da dusar ƙanƙara,
a arewacin Norway, inda rana ta yi yaji tun Nuwamba,
na kafa kasuwa.
Ba rumfa, ba mudu, ba mai kiran ciniki.
Haja guda ce: hanya,
siririyar hanyar da saƙo ke bi ya hau tauraron ɗan'adam ya sauko.

Soja dubu tara na atisaye a waje,
kowa na son magana lokaci guda.
Da can Kanar ke rabo, da biro da ciwon kai.
Na ce masa, bar su su saya.
Ba kowace bataliya kuɗin ƙarya, lambobi kawai a allo,
wanda abin ya dama zai taya da tsada.
Ya dube ni ta saman tabarau:
"Torunn, soja nake jagoranta ko 'yan koli?"
Amma ya sa hannu.

Sai na'urori suka zama dillalai.
Kafin ka ƙifta ido, sau dubu
an taya, an ce albarka, an ƙara, an sallama.
Masu gadin sama na sayen sari,
jirgi marar matuƙi na ɓarin kuɗi kamar ba gobe,
ma'ajin abinci kuwa, ɗan wayo,
sai ya bari dare ya raba, farashi ya karye,
ya aika lissafin dankalinsa a banza.
Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.
Kwana goma sha ɗaya ba wanda ya ɗaga murya.

Daren sha biyu, uku saura kwata,
ina ɗumama tafi a jikin kofin gahawa,
wani ɗan saƙo ya shiga layi
daga motar likitoci, can bayan tafki.
Tayinsa huɗu. Farashi ɗari biyu da goma.
Sun ƙarar da rabonsu tun yamma
kan rahoton raunukan wasa,
na yaran da aka shafa wa jan fenti aka ce su kwanta.
Kasuwa ta ce albarka.
Ya sake tayawa. Albarka.
Akwai jan maɓalli na gaggawa, ni na tsara shi,
sai dai ban tsara shi don yatsan da ya daskare ba.

Sau goma sha bakwai aka kore shi
kafin nacinsa ya ja idona.
Na buɗe, ko da yake ba hurumina ba ne.
"Ba wasa ba. Ƙanƙara ta fashe da Eilif. Ku turo jirgi."

Na zura hannu a jakar Kanar,
na kwashe duk abin da ke ciki na ɗora kan huɗun nan.
Hoton jirgi marar matuƙi ya ɗauke daƙiƙa arba'in.
A cikin arba'in ɗin, a bisa takarda,
abokan gaba suka ƙetare gada, muka sha kashi.

Eilif Brekke, shekara ashirin, ya bar yatsun ƙafa biyu a asibiti.
Sauran jikinsa ya koma gida wurin uwarsa.

Da safe, idan wannan duhun safiya ne,
Kanar ya ce, "Kasuwarki ta yi kuskure?"
Na ce a'a. Abin da na koya mata ta yi.
Na ba ta sikeli, sikeli kuwa nauyi yake faɗa,
bai san zafi ba.
Ta ɗauka mai ƙaramin tayi ƙaramar buƙata gare shi.
Ni ma haka na ɗauka.

Ba mu rushe ta ba. Har yau tana ci,
ta fi biro adalci a yawancin dare.
Na dai ƙara mata layi uku:
duk wanda aka kora sau biyar bai tafi ba,
a tashi mutum ya dube shi.

Eilif ya aiko min busasshen kifi, ya fi katako tauri.
Ban ci ba tukuna.
Yana nan gefen allo,
kusa da 'yar takardar da na rubuta wa huɗu.